Babi na Biyar: Mota Ma Tana da Asali

A ƙasar Hausa ba a ɗaura aure sai an yi bincike. Ko yaro ya zo da kyan tsari da daɗin baki, sai iyayen yarinya sun tura an tambayo: ɗan gidan wa ne, mece ce sana'arsa, ya taɓa aure, in ya taɓa me ya raba su? Ba mai ganin laifin haka, don kowa ya san zama za a yi, ba baƙunta ba. Haka wanda ya shiga kara sayen sa, ba ya tsayawa a kan shekarun da dillali ya faɗa. Buɗe bakin san yake yi ya dubi haƙora. Amma mutumin nan da ya san duk wannan, shi ne zai kwashi kuɗin da ya shekara biyar yana tarawa, ya tafi wurin masu sayar da motoci, ya zagaya mota sau biyu, ya doddoki taya da ƙafa, a tayar masa ya ji sanyin esi, shi ke nan sai ciniki. Bai tambayi daga ina ta fito ba, hannu nawa ta bi, me ya raba ta da mai ita na farko.

Alhali kusan duk motar da matsakaicin ma'aikaci ko ɗan kasuwa zai saya a yau bazawara ce. A da ba haka abin yake ba. Bayan da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya fito da 504 sabuwa fil. Da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP ya zo a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai kasuwa ta koma ga na hannu da ake kwasowa daga ƙetare. Yarabawa suka sa musu tokumbo, wato abin da ya tsallako teku. Mu kuma muka ce Baljiyam, don ƙasar da aka fi lodo su a lokacin, ko 'yar Kwatano, don tashar da ake sauke su. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan miliyoyi tana da dalilin da ya sa aka rabu da ita. Wata gajiya kawai mai ita ya yi da ita, yana son sabon yayi. Wata karo ta yi. Wata kwana uku ta yi a cikin ruwa. Wata kuma har yanzu mai ita yana cigiyarta. Duk a jere suke a fili ɗaya, an wanke su, an goge, suna ƙyalli iri ɗaya.

Mota ba ta magana, amma tana da shaidu uku: lambar shasinta da abin da aka rubuta a kanta a ƙasar da ta fito, takardunta na nan gida, sai kuma jikinta. Aikin mai saye shi ne ya ji ta bakin kowace shaida, sannan ya duba ko maganarsu ta zo ɗaya. Dillali ba ya cikin shaidun. Ba wai don maƙaryaci ba ne. Sau da yawa shi ma abin da aka faɗa masa yake maimaitawa, kuma la'adarsa tana rataye ne da a yi cinikin.

Shaida ta farko: lambar shasi

Tun 1981 Amurka ta wajabta wa kowace mota lamba mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, mu kuma muke cewa lambar shasi. Sauran manyan kamfanonin duniya ma tsarin 17 ɗin suke bi. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma a yawancin motoci an buga ta a jikin ƙarfe, a ɗakin inji ko a ƙasan kujera. Abu na farko shi ne ka karanta ta a duk wuraren nan, harafi bayan harafi, ka tabbatar iri ɗaya ce. Babu I, babu O, babu Q a cikinta, don kada su rikice da 1 da 0. In ka ga ɗaya daga cikin ukun nan a takarda, ko dai an yi kuskuren rubutu ko an yi aika-aika.

Farkon lambar yana faɗa maka mahaifar mota. In ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka ƙera ta, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, K Koriya, W Jamus. Camry da aka haɗa a jihar Kentucky da 4T1 take farawa, Accord ta Ohio da 1HG, Peugeot ta Faransa da VF3. Amma wurin da ya fi tona asiri shi ne na goma. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka da Kanada, shi ne shekarar mota: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai a tsallake I, J ta zama 2018, K 2019, L 2020. Motocin da aka yi wa kasuwar Turai ba duka ne ke bin wannan ƙa'ida ba, don haka kada ka yanke wa Peugeot ko Marsandi ta Turai hukunci da ita.

Na taɓa raka wani ɗan baffana, malamin makaranta, sayen mota. Adashi biyu ya haɗa da kuɗin tsohon babur ɗinsa. Aka nuna mana Camry ruwan toka, irin wadda ake kira Mosul.

"Malam, wannan 2011 ce," in ji dillali. "Fes bodi, ba ta taɓa bugu ba. Sai dai ka zuba mai ka kama hanya."

Fitilu da bambar gaba duk na 2011 ne, ba shakka. Na leƙa ƙasan gilashi na fara ƙirga da yatsa. 4, T, 1, har na kai na goma: 8. Na sake ƙirgawa, 8 dai.

"Alhaji, ai lambar nan 2008 take cewa."

Ya yi murmushi, bai ko girgiza ba. "Eh, to, an yi mata ofgired ne. Ai duk jiki ɗaya ne."

Gaskiya ya faɗa, jiki ɗaya ne, Camry daga 2007 zuwa 2011 zubinsu ɗaya. Amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma sai da aka ƙirga masa lamba ya tuna da ofgired. Tambayar da ta biyo baya ita ce ta fi muhimmanci: me ya sami fitilu da bambarta na asali har aka canza su? Ado ne, ko karo?

Amsar irin wannan tambaya tana can inda motar ta fito. A Amurka, duk lokacin da aka yi wa mota rajista, ko aka sauya mai ita, ko kamfanin inshora ya biya diyya a kanta, ana rubutawa da lambar shasi. Kamfanin Carfax, wanda aka kafa a 1984, da takwaransa AutoCheck, suna tattara waɗannan bayanai su sayar da rahoto. Akwai kuma rumbun NMVTIS da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka, da shafin NICB na kamfanonin inshora inda ake duba kyauta ko an ba da cigiyar mota ko an yanke cewa ta tashi daga aiki. Kafin duk wannan ma, ka rubuta lambar a Google. Motoci da yawa da ke zuwa mana daga gwanjon Copart ko IAA aka sayo su, kuma hotunan da aka ɗauke su ranar gwanjo sukan daɗe a intanet. Mutum yakan ga motar da yake tsaye a gabanta tana sheƙi, ga ta a hoto gaba a lotse, jakar iska a fashe tana reto a kan sitiyari. Rahoton kuma kai za ka ciro da hannunka, ko wanda ka amince da shi. Takardar da mai sayarwa ya buga ya ajiye a aljihun mota, kowa da kwamfuta zai iya yi mata gyara.

Kalmar da za ka fi cin karo da ita a rahoto ita ce Salvage. Ma'anarta kamfanin inshora ya yi lissafi ya ga kuɗin gyara ya kusa kuɗin motar, sai ya biya mai ita ya kai ta gwanjo. A nan akwai buƙatar adalci: aikin hannu yana da tsada ƙwarai a Amurka, don haka motar da ƙofa biyu da bamba kawai suka lalace tana iya samun wannan tambari, alhali mai gyaran bodi a Ƙofar Ruwa ko Panteka zai mayar da ita daidai cikin mako ɗaya. Ba kowace mai hatsari ce abin gudu ba. Abin gudu shi ne wadda bugun ya kai ga ƙashin bayanta, wato shasi ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa. Irin wannan ba ta sake tafiya sak, tana cin taya ta gefe ɗaya, kuma ranar da ta sake yin karo ƙarfen ba zai kare na ciki ba.

Wadda ta fi ta sharri ita ce ta ruwa. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta lalata motoci masu inshora fiye da 400,000. Kafin ta an yi Katrina a 2005 da Sandy a 2012, bayanta an yi Ian a Florida a 2022. Bayan kowace ambaliya filayen gwanjo kan cika, kuma masu saye daga ƙasashe irin namu suna cikin na gaba-gaba. Motar ruwa ba ta da lotsa ko ɗaya, shi ya sa take ruɗi. Ciwonta yana cikin wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke ƙasan kujeru da bayan dashbod. Tsatsa tana cin su a hankali, balle in ruwan gishiri ne. Wata shida tana lafiya, sai gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi. Mai ita ya zama ɗan gida a wurin riwaya, ana gyara nan can yana ɓallewa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Rahoto yana kuma nuna maleji da kwanan wata. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa a can ma ana sayar da motoci fiye da 450,000 duk shekara da malejin ƙarya, balle wadda ta bi hannu huɗu kafin ta iso Kano. Ba'amurke kan yi tafiyar mil 12,000 ko fiye a shekara, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In aka nuna maka mota mai shekara 12 da mil 60,000, kana da damar tambaya. In rahoto ya ce shekara uku da suka wuce ta kai 170,000, yau kuma dashbod yana nuna 92,000, magana ta ƙare: mota ba ta tafiya da baya a maleji.

Abu na ƙarshe da lambar shasi za ta buɗe maka kyauta a shafin NHTSA shi ne kiranye, wato aibin da kamfani ya amsa cewa daga masana'anta yake. Mafi girma shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, abin da ya durƙusar da kamfanin a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfin da ke watsa ɓarɓashin ƙarfe a fuskar direba. Accord da Civic da Corolla na shekarun 2000, waɗanda suka cika titunanmu, suna cikin jerin, kuma zafi dai ba sai an ba mu labarinsa ba.

Sai dai wannan shaida tana da iyaka. Hatsarin da aka gyara ba tare da inshora ba, ba zai fito ba. Akwai masu wanke takarda, su kai mota wata jiha su sake mata rajista don tambarin ya ɓace. Motocin Turai ba su da cikakken rahoto irin na Amurka, sai dai littafin sabis in an zo da shi. Na Ingila da Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, don haka in ka ga irinsu da sitiyari a hagu, ka binciki ko juya shi aka yi, domin aikin juyi ya taɓa birki da sitiyari da wayoyi gaba ɗaya. Sannan rahoto yana tsayawa ne a bakin teku. Duk abin da ya sami mota bayan ta sauka, ba wanda ya rubuta. Motocin da ambaliyar madatsar Alau ta shanye a Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba su cikin kowane rumbu, kuma ba a ƙasa suka nitse ba.

Shaida ta biyu: takardu

Mota tana iya zama lafiya ƙalau amma ta zame maka ƙaya, in takardunta ba su da lafiya. Na farko shi ne diyuti. Shekaru da yawa motocin Arewa ta Kwatano suke sauka, su haura Malanbil su tsallaka Gaya, su biyo ta Birnin Ƙonni ko Maraɗi su shigo. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa. Hanin bai hana 'yan fasa-ƙwauri bin daji ba, kuma motar da ta biyo daji sai an nema mata takarda, ta gaske ko ta bugu. Wata kuma ta tashar ruwan ta shigo, amma an rage mata shekaru a takarda don a biya kaɗan. Don toshe wannan ne hukumar kwastan ta fara kimanta diyuti da lambar shasi a 2022. Masu dogon tunani za su tuna 2017, lokacin da hukumar a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali ta nemi masu motoci su je su tabbatar da diyutinsu har aka yi ta kai ruwa rana da Majalisar Dattawa, da kuma 2019 da aka garƙame wuraren sayar da motoci don binciken takardu.

Takardar da za ka nema ita ce SGD, mai ɗauke da lambar da ake kira C-number, da kwanan wata, da sunan shiyyar kwastan da aka biya, tare da rasidin banki. Ka fara duba ko lambar shasin da ke kanta ita ce ta jikin mota, da shekarar da aka rubuta. Sannan ka ɗauki kwafi da ƙafarka ka kai ofishin kwastan a duba a kwamfuta. Kada ka wakilta dillali, kada ka yarda da "ai mun riga mun duba." Ranar da aka tare ka a hanyar Kaduna ko Lakwaja, jami'i ba zai nemi wanda ya sayar maka ba. Motar da ke gabansa zai kama.

In motar ta riga ta yi rajista a nan gida, nauyin ya koma kan tabbatar da mai ita. Ka nemi takardun asali, ba kwafi ba: shaidar mallaka, takardar ba da lamba, lasisin mota, inshora, da takardar kwastan ɗin da ta shigo da ita tun farko. Hukumar FRSC tana da shafin da ake duba ko lambar mota ta gaske ce da kuma irin motar da aka ba wa ita. Kamfanonin inshora suna da rumbun NIID. 'Yan sanda suna da rajistar CMR inda ake shigar da motocin da aka sace. Bayan wannan, ka nemi ganin mai motar ido da ido, sunan da ke katin shaidarsa ya dace da na takarda. In ba shi ne na farko ba, a nuna maka takardun cinikin da suka sada ta da shi, hannu bayan hannu.

Akwai rigingimun da ba kwamfutar da za ta nuna maka, sai tambaya a unguwa. Motar gado da ba a raba ba, ɗa ɗaya ya ɗauko ya kawo kasuwa. Motar da aka jinginar a kan bashi. Motar haya da direba bai gama biya ba. Motar ofis da aka ce an yi gwanjonta amma babu wasiƙar gwanjo. Duk waɗannan sukan ƙare a gaban alƙali, mota tana ajiye a harabar kotu rana tana dukanta, kuɗinka kuma yana hannun wanda ya riga ya kashe.

Sata kuwa yanzu ta tsallaka teku. Satar motoci ta yi ƙamari a Kanada har gwamnatin ƙasar ta kira taron ƙasa a kanta a watan Fabrairu na 2024, kuma an gano da yawa daga cikinsu ta tashar Montreal ake fitar da su zuwa Afirka ta Yamma. A shekarar ce hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Sunan motar da aka sace yana shiga rumbun Interpol, kuma ba ya fita don ta sauya hannu. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta tanadi hukunci ga mai karɓar kayan sata da saninsa, kuma ko ka tsira daga tuhuma, motar dai ta tafi. Don haka in aka kawo maka babbar jif ta bana a rabin kuɗinta, ana cewa mai ita sauri yake yi, ka tuna araha ba ta ado.

Shaida ta uku: jikin mota

Takarda tana iya yin ƙarya, kwamfuta tana iya yin shiru, amma ƙarfe ba ya manta abin da ya same shi. Ka je da safe, da hasken rana, kafin a tayar da inji, domin inji mai ciwo da sanyinsa yake kuka. Ka je da bakanikenka, ba na wurin ba, kuma ka yanke masa ladansa tun daga gida, a saya ko a fasa. Bakaniken da ya san sai an yi ciniki zai samu, ko wanda ake sa wa wani abu a aljihu a bayan rumfa, ba zai ga aibi ba.

Mako biyu bayan Camry ta farko, muka koma da ɗan baffan nawa kallon wata, wannan karon da wani dattijon bakanike da ya shekara talatin a ƙarƙashin mota. Lamba ta dace, takardu sun dace, fenti na asali ne. Baba bai ko buɗe bonet ba tukuna. Ya buɗe ƙofar baya ya sa kai ya shaƙa, ƙamshin turaren mota ya yi yawa. Ya kama bel ɗin kujera ya dinga ja a hankali har ya ƙure. Can kusa da ƙarshe, inda mai wanki ba ya kaiwa, sai ga wani layi ruwan ƙasa ya ratsa bel ɗin, daga nan zuwa ƙasa duk ya dafe. Ya durƙusa ya haska ƙarafan da kujera ke gudu a kansu: tsatsa. Ya ɗaga safaya taya a but, ya shafa yatsa a lungu, ya fito da busasshen taɓo mai laushi kamar garin lalle. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Malam, wannan ta sha ruwa har wuya. In kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka bar ta a nan."

Mai motar ya ce ruwan wanki ne. Baba ya ce, "Alhaji, ruwan wanki ba ya zuwa da laka."

Sauran dubawar duk irin wannan ce, neman wurin da mai kwalliya ya manta. Ka naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi jikin mota. Inda ya ƙi kamawa a jikin ƙarfe, an cika fila. Ka dubi kawunan kusoshin da ke riƙe da bonet da ƙofofi: in fentinsu ya ɓare, sufana ta taɓa su. Ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da jiki, dama da hagu, ko daidai suke. Ka duba robar gilashi ko feshin fenti ya taɓa ta. A ɗakin inji da ƙasan but, walda ta kamfani ɗige-ɗige ce a jere, ta mai gyara kuwa kamar tabon ƙuna take. Taya tana da alƙaluma huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Robar birki da ta totur da fatar sitiyari su ma maleji ne; in sun siɗe sumul alhali dashbod na cewa mil 50,000, ɗaya daga cikinsu yana ƙarya, kuma ba robar ba ce.

Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Dole duk fitilun dashbod su kama, har da ta cek inji da ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ta aka yi ko aka rufe ta. Tun 1996 duk motar kasuwar Amurka tana da wurin soka na'urar bincike a ƙasan sitiyari. A sa mata sikana. Za ta faɗi laifuffukan da ke ajiye, ta nuna ko yanzun nan aka goge su, kuma a motoci da yawa za ta karanto lambar shasin da ke cikin kwamfutar mota, ka gwada da ta gilashi. A leƙa salansa a ga ko indomi, wato matatar hayaƙi, tana nan, don akan cire ta a sayar. A buɗe murfin baƙin mai. In ka ga kumfa kamar madara, ruwa yana haɗuwa da mai. Daga nan a hau titi, a yi tafiyar da inji zai yi zafi sosai, giya ta shiga duka, a taka birki a ji ko tana ja gefe.

In shaidu suka saɓa

Ba a samun bazawara marar tarihi, kuma wanda ya ce sai marar aibi zai saya zai daɗe a ƙasa. Amfanin bincike shi ne ka san abin da kake saye, ka biya kuɗinsa daidai. An canza bamba, an fesa ƙofa, maleji ya yi nisa amma na gaskiya ne: duk waɗannan maganar farashi ce, a zauna a rage. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma abu huɗu ba su da ragi: lambar shasin da aka taɓa ko ta saɓa da takarda, diyutin da kwastan ba su gani a kwamfutarsu ba, shasin da ya lanƙwashe, da motar da ta sha ruwa. In ka ga ɗaya, ka yi sallama.

Abu biyu ne ke kayar da mai saye, kuma duk daga gare shi suke. Na farko gaggawa. "Wani Alhaji yana zuwa da kuɗi bayan la'asar" magana ce da ta girmi kasuwar mota. In ya zo ya saya, rabonsa ce. Motoci ba su ƙare ba. Kada ka ba da kafin alƙalami sai da sharaɗi a rubuce cewa za a mayar maka in bincike ya nuna matsala. Na biyu kunya. Mai motar abokin yayanka ne, ko tare kuke salla, sai ka ji nauyin ce masa za ka kai takardunsa kwastan. Ka tuna malaman fiƙihu sun yi bayani cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Tambayarka ba cin fuska ba ce, taimakonsa ka yi ya sauke nauyi. Mai gaskiya ba ya jin zafin bincike. Wanda ya fusata don ka ƙirga lamba, ya riga ya ba ka amsa.

In komai ya dace, a rubuta takardar ciniki da cikakkiyar lambar shasi da lambar inji da kuɗin da aka biya, da shaidu biyu da sa hannunsu. Ka biya ta banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan mai motar. Kada ka bar canjin mallaka sai wani watan. Ka yi shi a makon.

Ɗan baffan nawa sai a mota ta huɗu ya dace, Corolla da aka ƙera a Kanada, mai maleji da yawa da tabo a ƙofar baya, amma shaidunta uku bakinsu ɗaya. Abin da ya kashe a bincike gaba ɗaya, da rahoto da sikana da ladan Baba da kuɗin zirga-zirga, bai kai kuɗin taya biyu ba. Kai ma in lokacinka ya zo, kafin ka tambayi nawa ce, ka leƙa ƙasan gilashi ka ƙirga zuwa goma.